Waiwaye: Sikeli Bai San Gajiya Ba

Akwai wani sikeli a ƙarƙashin gadona da na saya a watan Yulin 2020, makonni kaɗan bayan an sassauta dokar kulle ta korona a Kaduna. Tun ƙarshen Maris muke gida, daga tabarma sai kujera, daga kujera sai akushi. Ranar da na fara hawansa, allurar ta tsaya a kan kilo 98. Likitan da na gani a makon ya auna jinina sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Malam, shekararka 44. Ko dai ka fara motsa jiki, ko ka fara shan ƙwaya kullum. Mai yiwuwa ma duka biyun." Da na dawo gida sai na rubuta 80 a takarda, na manna a bayan ƙofar ɗaki. Lambar nan ce ta fitar da ni titi, ita ce kuma ta kai ni gadon asibiti bayan wata takwas.

Da tafiyar ƙasa na fara. Ana sallame sallar asuba sai in ɗaura kambas ɗin da na sayo a Kasuwar Barci, in fita daga layinmu a Unguwar Rimi in bi titin Tafawa Balewa, in dawo kafin masu ƙosai su gama haɗa wuta. Maƙwabta suka yi ta tambaya ko motata ce ta lalace. Da kumatu suka fara faɗawa kuma tambayar ta koma, "Lafiya kuwa?" A wajenmu teɓa alamar wadata ce, rama kuwa alamar ciwo ko bashi, don haka magidancin da ya ce zai rage ƙiba sai ya shirya amsa tambayoyi. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Ranar 21 ga Nuwamba, 2020 aka yi gudun fanfalaki na Kaduna karo na farko, mai kilomita 21 da mai 10 da mai 5. 'Yan Kenya suka lashe babban, maza da mata. Ni ina cikin ayarin kilomita 5, na gama ina haki, amma na gama da ƙafata.

A wurin na haɗu da mutumin da muke kira Baba Saje, tsohon soja ne da ya yi shekaru yana ba kurata horon motsa jiki kafin ya yi ritaya. Ya haura shekara 60, jikinsa kamar tsumagiya. Shi ya fara gaya mini akwai wata gasa da ake ce wa tirayatalon, wadda mutum ɗaya zai yi iyo, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keke ya zura da gudu, agogo kuma bai tsayawa tun daga shiga ruwa har layin ƙarshe. Ya ce ga mai nauyi irina ta fi gudu zalla sauƙi a gwiwa, domin ruwa da keke suna ɗauke wa gaɓoɓi kaya.

Na je na karanta tarihinta, abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne yadda ta faro. Ranar 25 ga Satumba, 1974, a San Diego ta Amurka, wasu 'yan ƙungiyar gudu biyu, Jack Johnstone da Don Shanahan, suka tara mutum 46 suka gwada haɗa wasannin uku. Ba gwamnati, ba kamfani. A Fabrairun 1978 mutum 15 suka taru a tsibirin Oahu na Hawai suka yi wadda ake kira Ironman: iyo na kusan kilomita 4, keke kilomita 180, sannan gudun kilomita 42. Goma sha biyu suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Sai a 2000, a Sidni, wasan ya shiga Olamfik, da iyon mita 1,500, keken kilomita 40 da gudun kilomita 10. Akwai kuma ƙananan matakai na 'yan koyo: mai mita 750 da kilomita 20 da kilomita 5, da ƙaramar cikinsu mai mita 400 da kilomita 10 da kilomita biyu da rabi. Muka ce tunda waɗancan da kansu suka shirya wa kansu, mu ma za mu shirya. Mu bakwai ne: malamin makaranta, ma'aikatan banki biyu, mai sayar da kayan gini, ɗalibi, ni, da Baba Saje mai riƙe da agogo.

Keke bai ba ni wuya ba, kowane ɗan Arewa ya taso da shi. Na sayi na hannu, mai faci ya canza masa taya da birki, Baba Saje ya ce ba wanda zai bi shi titi sai da hular kwano. Iyo ne ya zame mini dutse. Abin baƙin ciki ne a ce mutum ya girma a unguwar da kogi ke bayanta, a garin da sunansa ma daga kadojin kogin aka samo shi, amma bai iya iyo ba. Kogin kuwa ba wurin koyo ba ne. Da damina yana tumbatsa har ya shiga gidajen da ke gaɓarsa, da rani kuma akwai haɗarin tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fatar mutum. Sai muka riƙa biyan kuɗi a kwamin iyo na wani otal, mai tsawon mita 25. Duk shekara muna jin labarin yaran da ruwa ya ci, kuma har yanzu ina ganin koyar da iyo a makarantunmu ya kamata ya zama dole kamar rigakafi.

A tsakiyar hunturu na fara, ruwan kamar ƙanƙara, hazo ya rufe gari. Mako na farko bai wuce tsoma fuska da fesar da iska ta hanci ba. Ina ɗago kai ƙafafu su nutse, ina buga ruwa da ƙarfi numfashi ya ƙare. Baba Saje ya tsuguna a bakin kwamin ya ce, "Malam, ba a kokawa da ruwa. Kwanta masa, zai ɗauke ka." Sai da na yi mako uku kafin na ƙetare mita 25 ba tare da na kama bango ba. Na tsaya a ɗaya gefen ina riƙe da ƙarfen, ruwa na zuba daga idona, ba duka ne na kwamin ba.

Asabar ɗin ƙarshe ta Fabrairun 2021 muka yi gasarmu ta farko, ƙaramar. Zuwa da dawowa sau takwas a ruwa, sannan keke ta titin da ya haye kogi ya nufi Millennium City, sannan gudu a cikin layukan unguwa. Wanda bai taɓa sauka daga keke ya zura da gudu ba, bai san wani abu ba: ƙafafu sukan yi kamar an ɗaura musu turmi, domin tsokar da ta saba juya feda ba ta yarda ta koma taka ƙasa nan take. Sai an yi minti biyar ko fiye suke dawowa naka. Na zo na biyar cikin shida. Da na hau sikeli da yamma ya nuna 91.

Daga nan na ɓata rawata da tsalle.

Abokan suka ce a sake wata bayan mako biyu, mai ninki biyu a wannan karon, kafin azumi ya shigo a Afrilu. Baba Saje ya ce a bari sai bayan Sallah. Muka rinjaye shi da yawan baki, ni ne ma kan gaba. Lissafina shi ne: wata bakwai na yi kafin na zubar da kilo 7, saura 11, kuma idan na ƙara ƙaimi na rage ci, zan shiga gasa ta biyu da sauƙin jiki in kuma matso kusa da 80. Washegarin gasar, jiki na tsami, na fita gudu. Na daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Karin kumallo ya koma shayi ba madara ba burodi, da rana ɗan ganye, da dare wani shayin rage ƙiba da wani ya tallata mini, wanda ashe aikinsa kawai sa fitsari da gudawa. Na ga wasu samari na gudu da rigar leda don su yi gumi, ni ma na samo. Cinyoyi suka riƙa ciwo, na shiga kemis na sayi maganin ciwon jiki ina sha safe da dare don kada in fasa fita.

Sikeli kuwa ya yi ta faranta mini rai: 90, 89, 88, har 87 cikin kwana goma sha biyu. Amma a daidai kwanakin nan barci ya ƙaurace mini. Sai in farka ƙarfe biyu na dare zuciya na dukan uku-uku. Yara suka daina zama kusa da ni saboda faɗa ba dalili. Hawa matakalar ofis ya koma aiki. Uwargida ta ajiye mini tuwon masara da miyar kuka wani dare, ta zauna ta ce, "Maigida, idanunka sun zurma. Wannan ba lafiya kake nema ba." Na ce mata ba ta gane harkar ba. Ta ɗauke kwanon ba ta ƙara magana ba.

Ranar gasar ta faɗo tsakiyar Maris, lokacin da zafin bazara ya fara kankama. Mun makara wajen farawa, don haka rana ta ɗaga kafin mu fito daga ruwa. A kan keke na ji ƙafafuna ba kowa a ciki, kamar buhun da aka zazzage. Na lallaɓa na gama kilomita 20. A kilomita na uku na gudun, kusa da wani mai shayi, sai na ji tsikar jikina ta tashi kamar ana sanyi, alhali kwalta na turiri. Titin ya fara karkacewa. Na tuna na miƙa hannu zan dafa bishiyar dalbejiya, ban tuna na kai gare ta ba. Mai shayin da ɗalibin nan ne suka ja ni inuwa, suka kwara mini ruwan jarka a kai da ƙirji, suka tare Keke Napep.

A asibiti fitsarin da na bayar ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Likita ya tambayi abin da nake ci da abin da nake sha, na zayyana masa. Da na ambaci maganin ciwon jikin sai ya ajiye biro. Ya ce irin waɗannan magunguna, dangin diclofenac da ibuprofen, suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma idan suka haɗu da jikin da ruwa ya ƙare masa ga zafi ga wahala, nan ne ƙoda ke samun rauni. Gwaji ya nuna tawa ta fara jigata, Allah ya sa an zo da wuri. Aka yi mini ƙarin ruwa, na kwana biyu. Da na dawo gida na ci abinci na kwana uku, na hau sikeli: 90 da ɗoriya. Kilo huɗun da na yi mako biyu ina azabtar da kaina a kansu, uku sun dawo.

Sai daga baya na fahimci dalili, kuma ina ganin duk mai shirin rage ƙiba ya kamata ya san shi. Jiki na ajiye sitacin da muka ci a tsoka da hanta a matsayin man tafiya, kimanin rabin kilo, kuma kowane giram ɗaya na ajiyar nan yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Wanda ya daina cin tuwo ya ci gaba da gudu, wannan rumbun yake fara cinyewa, ruwan da ke tare da shi ya tafi, sikeli ya faɗi da kilo biyu cikin 'yan kwanaki. Ƙara gumin leda da shayin gudawa, ga wasu biyun. Kitse kuwa yana nan kusan yadda yake, domin shi a hankali yake narkewa; rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da likitoci ke ganin jiki zai iya ba tare da cutuwa ba. Ashe man da zan yi gasar da shi na zubar, ina murna mota ta yi sauƙi. Masana wasanni sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kansa, ya bayyana cewa ɗan wasan da abincinsa bai kai aikin da yake yi ba yana fuskantar raunin ƙashi, yawan rashin lafiya, rikicewar sinadaran jiki da raguwar ƙwazo. A da ana ɗauka matsalar mata ce kawai, saboda su alamarta a fili take, al'ada kan ɗauke. Matsayar ta ce maza ma ba su tsira ba.

Zafi kuma bai san gwani ba. A Satumbar 2016, a Kozumel ta Meziko, Jonny Brownlee na Ingila, mai lambar azurfa ta Olamfik a shekarar, yana kan gaba saura 'yan ɗaruruwan mitoci ya gama, zafi ya kama shi ya fara tangaɗi. Yayansa Alistair ya riƙo shi ya rungumo har layin ƙarshe, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya lashe. Na kalli hoton bidiyon nan sau da yawa bayan na warke. Mutumin da ke da likitoci da masu lura da abincinsa ke nan. Ni kuwa na shiga ranar Maris ta Kaduna da cikin da ya yi mako biyu ba tuwo.

Baba Saje ya zo duba ni da ledar lemo da kankana. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya zauna a kan tabarma ya tambaye ni ko na taɓa kallon ƙwallon doki a filin da ke kusa da dandalin Murtala. Na ce sau da yawa. Ya ce, "To ka lura kowane zagaye minti bakwai ne, kuma ana busa usur mahayi ke sauka ya canza doki? Dokin da ya sauka a kansa za a cire masa sirdi, a wanke shi, a zagaya da shi a hankali har numfashinsa ya dawo, a ba shi ruwa da harawa. Mai dawaki shida ke nan yake tattalinsu haka. Kai dokinka ɗaya ne, Malam, kuma ba a sayar da irinsa a kasuwa."

Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk da shekaruna. Ya ce atisaye ba ya ƙara wa mutum ƙarfi a lokacin da yake yin sa, rage masa ma yake yi: tsoka na samun ƙananan yagewa, rumbun mai na raguwa. Ƙarfin yana zuwa ne bayan an tsaya, lokacin da jiki ya samu abinci da barci ya ɗinke abin da ya yage, ya ɗan ƙara kauri don gobe. Shi ya sa tsamin jiki ya fi tsanani a kwana na biyu. Rumbun sitaci na iya cika cikin yini guda idan an ci sosai, amma tsoka da jijiyoyi sai sun ɗauki kwanaki, ga ɗan koyo mai shekaru irin nawa ma fiye. Wanda ya koma fagen fama kafin ɗinkin ya kama, sabuwar ɓaraka yake ɗorawa a kan tsohuwa. Na yi ta tunanin kakana a ƙauye, wanda kan bar wata gona saura shekara guda ko biyu, ba don ba ya son amfaninta ba.

Azumi ya kama ranar 13 ga Afrilu, ya zame mini makaranta. Likita ya yarda in yi bayan ya sake duba ƙodar. Ba gudu, ba gasa. Bayan tarawi nakan yi tafiyar rabin awa, wani lokacin in juya keke a hankali cikin unguwa. Na koma cin abinci kamar mutum: dabino da kunun gyaɗa da ƙosai a buɗa-baki, tuwo daidai cikina, wake ko ƙwai ko awara a sahur, ruwa a kai a kai tsakanin magariba da asuba. Abin da na rage shi ne lemon kwalba, da soye-soyen dare, da ƙarin kwano na biyu. Na cire takardar nan daga bayan ƙofa.

Bayan Sallah muka dawo bisa tsarin Baba Saje, wannan karon ba gardama. Mako uku ana ƙara nauyin aiki kaɗan-kaɗan, na huɗu a sassauta. Ranar Juma'a ba a komai. Yawancin fitarmu a saurin da mutum zai iya hira da na kusa da shi ne, mai tsanani sau ɗaya ko biyu kawai a mako. Ya koya mana mu ƙirga bugun zuciya da asuba kafin mu sauko daga gado. Nawa yakan zauna a 62 zuwa 64, ranar da na ga ya haura 70 na san ko gajiya ce ko zazzaɓi na tafe, sai in huta. Launin fitsari ya zama abin dubawa kullum. Bayan doguwar fita a zafi, ruwan gishiri da suga irin wanda ake ba yara, sannan fura da nono ko shinkafa da wake kafin awa biyu su wuce. Dokarsa mafi tsauri ita ce ba a haɗa rage ƙiba da gasa. In za a rage, a rage a watannin da ba komai a gaba. Mako biyu kafin gasa da mako biyu bayanta, a ci a ƙoshi, a yi barcin awa bakwai zuwa takwas, kuma ga irinmu kada tazarar gasa da gasa ta gaza mako shida.

Telana ne ya fara ba ni labarin da sikeli bai bayar ba. Na kai ɗinkin babbar Sallah a Yuli, ya zagaya tef a ƙuguna, ya duba tsohon littafinsa, ya sake zagayawa. "Alhaji, inci huɗu sun tafi fa. Sai dai mu sake awo gaba ɗaya." A lokacin nauyina 89 ne, kilo biyu kacal ƙasa da na Fabrairu. Kitsen ciki ya ragu, cinya da kafaɗa sun cika. Likita ya ce wannan awon ya fi masa muhimmanci, domin kitsen tumbi shi ke tafiya da hawan jini da ciwon suga, kuma abin da ake so shi ne ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Jinina ya sauka har ya ce a ci gaba da lura ba tare da ƙwaya ba tukuna.

A Nuwamban 2021, da sanyin safiya, muka sake gwada mai mita 750. Mun shiga ruwa ƙarfe shida da rabi. A daren da ya gabata na ci tuwon shinkafa da miyar taushe, da asuba na sha koko da ƙosai uku. Na ɗaura gorar ruwa biyu a keke na shanye su. Da na iso wurin mai shayin nan a kilomita na uku, ya gane ni, ya fito bakin titi da ludayi a hannu yana cewa, "Sannu Alhaji! Yau dai sai ƙarshe!" Na ɗaga masa hannu na wuce dalbejiyar. Na gama cikin awa ɗaya da minti 52, nauyina 87, lambar da na taɓa gani a Maris, amma wannan karon da ruwana da abincina a jiki.

Makon da ya biyo baya ban sa kambas ba. Ranar Lahadi na yi barci bayan azahar har la'asar, Litinin na taka da ƙafa zuwa bakin kogi da ƙaramin ɗana muka kalli masu kwale-kwale, Laraba na shiga ruwa na yi minti ashirin a hankali. Uwargida ta yi ɗanwake ranar Alhamis, na ci da ƙwai biyu. Sikelin yana nan ƙarƙashin gado, ina jawo shi safiyar Juma'a kawai, in rubuta abin da ya nuna a littafi ɗaya da bugun zuciya da awon ƙugu. Ɗan nawa yanzu yana ƙetare mita 25 ba tsayawa, Baba Saje ne ya koya masa, a kwamin da na koya.